Jar Ƙasa A Kan Wuta

Shafi na 17

Masu jirana ku yi haƙuri, na ga saƙonninku. Hannuna ba shi da sauri, kuma wannan shafin sai da na ajiye shi na sake ɗauka. Ga shi dai.

Da hantsi ake wanke wa Tsuntsuwa ƙafafu, kuma ba a barin uba ya tsaya. Nas ɗin takan ja labule ta ce in koma baranda. To a barandar ma ana ji.

Tsuntsuwa 'yata ce, ita kaɗai gare mu. Sunan ya bi ta ne don tun da ta iya tafiya ba ta taɓa taka ƙasa kamar mutane ba, sai tsalle. In ka aike ta sayen ashana da tsalle za ta je, da tsalle ta dawo, rabin ashanar a hanya. Da tsallen nan ta bi ƙwallo cikin sabon filin bayan layinmu, wanda da can bola ce, kafin hukumar kwashe shara ta rufe ta da jar ƙasa. Ƙasar ta rufta da ita har gwiwa. A ƙarƙashi wuta ce ke ci.

Ni kuma mai wanki da guga ne. Da dutsen guga na gawayi nake aiki, don wutar lantarkinmu sai ranar da ta ga dama. Duk wanda ke layin ya san in na tashi daga aiki bayan shago, bakin bolar, nake kai toka. Shi ya sa da Duba-gari ya zo jiya bai sha wahalar nemana ba. Ya ce bincike ya nuna garwashina ne ya kunna bolar, nan da kwana biyu in bayyana gaban kotun tsaftar muhalli. Ya ɗauke dutsen gugata a matsayin shaida. Da ya ji akwai sauran zafi a jikinsa sai ya naɗe shi da rigar wani mai kawo mini wanki. Na ce masa ranka ya daɗe rigar ba tawa ba ce. Ya ce ita ma shaida ce.

Kotun ba ta dame ni ba kamar matata.

Ta fito daga bayan labule idonta a bushe. Ta daina kuka tun kwanakin farko, kuma ni na fi son kukan. Ta zauna a ƙarshen bencin, ta bar tsakaninmu wurin zaman mutum biyu. Da can Baban Tsuntsuwa take ce mini. Yanzu ba ta kirana da komai, sai dai ta yi magana ta fuskanci bango, in na ga dama in ɗauka tawa ce.

Ta ce likita ya ce ƙafar dama za ta yi, sai dai a yanko fata daga cinya a lulluɓe. Ta hagu ce bai ce komai ba, ya dai daɗe yana duba yatsun. Ta ce bandeji ya ƙare, a sayo kafin wankin yamma. Na ce to.

Sai ta juyo ta dube ni, karo na farko a ranar.

"Ranar nan ka kashe tokar?"

Na ce mata ta san ni. Tun ina yaro Mama ta koya mini toka ba ta mutuwa sai ta sha ruwa. Ina da tsohon gwangwani a bakin shago, aikinsa ke nan.

"Ba halinka na tambaye ka ba. Ranar nan. Da ranar da ke kafinta. Za ka rantse?"

Wa zai rantse a kan kowace yamma ta rayuwarsa? Akwai ranar da aka cika ni da kaya, akwai ranar da ruwa ya yanke. Na tona zuciyata har ta yi rami ban samo ranar da na manta ba, amma kuma ban samo rantsuwa ba.

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba amsa. Ta ce ta yi magana da babanta. In an sallame su gidansu za ta wuce da yarinyar. Ba wai faɗa ba ne, in ji ta, kawai dai ba za ta iya farkawa kullum ta ji ƙamshin gawayi a jikin riguna ba.

Ta ɗauki bokiti ta tafi ɗebo ruwa.

Na shiga wajen Tsuntsuwa. An ɗora wani ƙarfe mai kama da kejin kaji a kan ƙafafunta don kada zane ya taɓa su. Ta ga ina kallonsa sai ta ce yanzu ta zama tsuntsuwar gaske, har da keji. Na yi dariya don ta ga na yi.

Ta tambaye ni ko an samo ɗayan takalminta. Na ce ana nema. Ta tambaye ni ƙwallon. Na ce yana nan. Sai ta tambayi Baba Babba.

Baba Babba shi ne Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke tuƙa katafilar hukumar shara, kuma shi ne ya baje filin nan da hannunsa, yaran layi suna binsa da tafi. Tun da abin ya faru bai leƙo asibiti ba. Ya aiko matarsa, ya aiko da lemo, ya ce aiki ne ya riƙe shi. Na nema masa uzuri a wajen kowa.

"Fushi yake yi da ni," in ji Tsuntsuwa.

Na ce fushin me.

"Don ban ji maganarsa ba. Ranar da ya yi mana fili ya sauko ya kira ni gefe, ya ce ko kowa ya shiga ni kada in shiga. Ya ce cikin ƙasar da zafi. Baba, ka ce masa ƙwallon ne ya gangara, ba da gangan na yi ba."

Na gyara mata matashi. Na ce zan gaya masa yanzun nan.

Na wuce matata a bakin famfo. Bakina ya buɗe, na rufe shi. Ba zan ɗora wa Yaya magana a kan faɗin yarinya mai zazzaɓi ba sai na ji daga bakinsa. Ta ce kada in manta da bandeji, ba ta ɗago ba.

Ban je kantin magani ba. Garejin hukumar na nufa.

Wanda bai taɓa shiga garejin nan ba zai ɗauka maƙabartar motoci ce. Tifofi a jere a kan duwatsu, ba tayoyi, ciyawa ta fito ta cikin bodinsu. Akwai wadda kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. A jikin kowace an rubuta tsafta haƙƙin kowa ce. Abu ɗaya ke motsi a wurin, katafilar Yaya, ita ma sai an lallaɓa ta.

Mai gadi ya san ni. Ya ce, "Karin Guga, yau kai ne da riga a yamutse? Lallai duniya ta zo ƙarshe." Sai ya tuna, ya sunkuyar da kai, ya tambayi mai jiki. Na ce da sauƙi. Ya nuna mini can ƙarƙashin bishiya da haɓa.

Yaya yana zaune a inuwar katafilar, da tsumma a hannu, ba abin da yake gogewa. Ya rame. Da ya gan ni ya miƙe, ya koma ya zauna.

Na gaishe shi yadda na saba. Na tambayi Mama, don a gidansa take. Ya ce ƙafarta ce dai. Na tambayi yara. Ya tambayi mai jiki, idonsa a kan tsumman. Muka yi ta zagaye kamar masu neman ƙofa a ɗaki mai duhu.

Na ce Tsuntsuwa ta aiko ni. Ta ce a ba ka haƙuri, ƙwallon ne ya gangara.

Tsumman ya faɗi daga hannunsa.

"Auta," ya ce. Tun muna yara haka yake kirana.

Na zauna kusa da shi a ƙasa. Na ce ban zo faɗa ba, ya san ban iya ba. Ya gaya mini kawai yadda aka yi ya san cikin ƙasar da zafi.

Da ya fara, ba ni yake kallo ba.

Ya ce haka ake yi, ba yau aka fara ba. Duk lokacin da aka ce manya za su zo duba aiki, ba mai zancen kwashe bola, don ba motar kwashewa, in ma akwai ba mai. Sai Oga, shugabansu a hukumar, ya ce a rage mata tsayi. A tattaro tsofaffin tayoyin garejin nan, a kai da jarkokin baƙin mai na juye, a tura su cikin gindin bolar a kunna. Ta yi kwanaki tana ci, mu a layi muna tari muna zagin masu ƙona shara. In ta zauna sai a kawo katafila a baje, a zo da jar ƙasa a shimfiɗa sama-sama, kamar yadda ake shafa wa bango fenti. Daga titi ka ga fili sumul.

Ya ce amma wutar taya ba ta mutuwa don an rufe ta. Sai ta koma ciki ta riƙa ci kamar gara, ta bar ɓawo a sama.

Ya ce ranar yana bajewa yana jin zafin na tasowa ta sarƙar katafilar har tafin ƙafarsa. Ya sauko ya gaya wa Oga wutar nan da ranta, a kawo tankar ruwa ko a ƙara kwana. Oga ya dubi sama ya ce damina ta kusa, Allah zai kawo tankarsa. Washegari manya suka zo. Aka dasa 'yan itatuwa, aka kafa allo an hana zuba shara. Wani daga cikinsu ya ce filin ya yi tsit da yawa, hoton ba zai yi kyau ba. Sai Oga ya aika aka sayo ƙwallo aka jefa wa yaran layi.

Ƙwallon da 'yata ke tambaya ke nan.

Na ce masa, Yaya, ka ja ta gefe ita kaɗai. Sauran yaran fa? Ni fa? Shagona yana nan, taku kaɗan.

Ya ce ya zo. Ya tsaya a bakin shagon ina feshin ruwa a kan wata farar riga, na ɗago na yi masa murmushi na ce Yaya kun gyara mana unguwa. Sai maganar ta maƙale. Ya ce ya san ni, in ya gaya mini zan bi gida-gida ina faɗa wa iyaye, kafin yamma ta kai kunnen Oga. Shi kuma har yanzu ɗan wucin gadi ne, gashin kansa ya fara fari a kan katafilar nan ba a tabbatar da shi ba. Bana aka yi masa alkawari. Ga Mama, ga yara. Ya ce kullum yana duban sama yana roƙon hadari.

Wata kaza ta zo ta tsaya tana kallonmu, ta wuce.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila na tashi na tafi sayen bandeji. Amma akwai abin da ke cina tun jiya. Mai shayi yana zuba toka a bolar nan. Masu gasa nama suna zubawa. Duk matan layi suna zubawa. Duba-gari bai je wurin kowa ba, kai tsaye shagona ya zo, har ya san inda nake ajiye dutsen.

Na ce, "Wa ya ba su sunana?"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

Ya ce da labarin yarinya ya fito, Oga ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Ya ce masa wutar nan dole ta samu uba kafin manya su tambaya. In ba a samu a cikin unguwa ba, to kowa ya ga wanda ya tuƙa katafila, hotonsa ma yana nan. Ya ce kai ɗan layin ne, wa ke zuba wuta a wurin?

"Na fara tunanin mai shayi," in ji Yaya. "Sai na tuna 'ya'yansa. Kuma shi ba zai taɓa barin maganar ba, har kabari. Oga ya ce tara ce kawai, ba ɗauri. Na ce a raina ni zan biya, ko me zan sayar. Auta, na duba layin nan kaf, gida-gida. Kai kaɗai na gani wanda zai iya yafe mini."

Wallahi ban ji haushi ba a lokacin. Wannan mutumin shi ya goya ni ranar da aka kai Baba, shi ya saya mini dutsen gugar da aka ɗauke jiya. Ya san ni fiye da kowa, kuma da sanin nan ya zaɓe ni.

Na ce masa tarar ba komai ba ce. Su riƙe dutsen, su riƙe rigar mutane. Gobe zan tsaya a kotu in ce ni ne, in hakan zai bar masa aikinsa da maganin Mama.

Ya ɗago da sauri.

"Amma matata tana ganin ni na ƙona 'yarta," na ce. "Ni ma na fara gani. Ina kwana ina ƙirga yammacin da na kashe toka. Za ta tafi da ita, Yaya. Ba alƙali nake so ka gaya wa ba. Ita kaɗai. Ka zo asibiti ka faɗa mata abin da ka faɗa mini."

Ya ce in ta ji, babanta ya ji. In babanta ya ji, gari ya ji. Ya ce mace mai 'ya a gadon asibiti ba a ce mata ta riƙe sirri, kuma ba ta yi laifi ba in ta fasa.

Na ce gaskiya ne.

Ya ce in ba shi lokaci, bayan an tabbatar da shi.

Na ce ana sallamarsu za ta wuce.

Muna cikin haka mota ta shigo, mai gadi yana gudu yana buɗe ƙofa. Oga ne. Gajeren mutum mai tsafta, takalminsa ko ƙura babu. Ya gan ni ya gane ni, ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya yi mini jaje sosai. Ya ce hukuma tana tare da ni, in kwantar da hankalina, kotun gobe ba wani abu ba ce, doka ce kawai sai an bi ta. Ya ce ai shi ya sa kullum suke wayar da kan jama'a a kan zuba wuta a shara.

Na ce na gode, ranka ya daɗe. Bakina ne ya faɗa, ya saba.

Sai ya juya wajen Yaya ya ce ya tayar da katafila. An samo mai, kuma tifar haya tana hanya da jar ƙasa. A je filin nan yanzu a danne ramin a ƙara kauri, don gobe alƙali zai iya cewa a kai shi ya gani da idonsa. Ya ce saboda lafiyar yara.

Ni na leƙa ramin nan ranar da aka ciro Tsuntsuwa. Na ga wasu wayoyi a murɗe a cikin rushin, baƙi ƙirin, ban san na mene ne ba. Yanzu na sani. Wayoyin cikin taya ne. Tokar guga ba ta haifar waya. In katafila ta bi ta kai, shi ke nan, sai ni da gwangwanina.

Yaya ya dube ni. Ya dubi Oga. Ya ɗauki tsummansa ya kakkaɓe, ya taka sarƙa ya hau.

Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Baƙin hayaƙi ya tashi, kajin garejin suka watse.

A daidai nan wayata ta yi motsi a aljihu. Matata ce. Rabon da ta kira ni tun ranar da abin ya faru. Na ɗauka, na toshe ɗaya kunnen.

"Ina bandejin? Nas tana jira."

Na ce ta riƙe, ga Yaya zai yi mata magana.

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na taka sarƙar nan ina jin ta tana rawa a ƙarƙashina, na miƙa masa wayar har gaban fuskarsa. Oga yana ƙasa yana tambayar me ke faruwa.

Yaya ya kalli wayar kamar garwashi aka miƙo masa. Sannan ya karɓa. Ya kai kunne. Na ga leɓensa yana motsi, na ga ruwa ya gangaro ya bi ta cikin gemunsa, amma ƙarar injin ta cinye komai, ko ni da ke kusa ban ji kalma ɗaya ba.

Da ya gama ya cire wayar daga kunne ya dube ta. Yatsansa ya taɓa wani wuri, muryarta ta fito fili, siririya a cikin rugugin.

"Yaya, ba na jin ka. Me ka ce a kan Baban Tsuntsuwa? Kashe injin."

Baban Tsuntsuwa ta ce.

Yaya ya kai hannu kan makulli.

Oga ya matso har gindin katafilar. Bai ɗaga murya ba, amma mun ji shi sarai.

"In ka kashe ta, ka zaro makullin ka miƙo mini."